Su mutanen can sun san sun ba mu?

Shekara shida na yi a sashen yaɗa labarai na wata ƙungiya mai ayyukan lafiya da ruwan sha, wadda kuɗin aikinta ke zuwa daga hukumomin agaji na gwamnatocin ƙasashen waje. A makon da na kama aiki aka ajiye mini wani kundi mai kauri a kan tebur, aka ce in karance shi tsaf kafin a bar ni in taɓa komai. Na buɗe ina zaton zan tarar da bayanin cututtuka ko taswirar wuraren da muke aiki. Ashe ƙa'idojin tambari ne tun daga shafin farko har na ƙarshe: girmansa a kan allo, launinsa, tazarar da za a bari tsakaninsa da tambarin ƙungiyarmu, gefen da za a manna shi a jikin kwali da jikin mota da takardar shaidar kammala bita. Kowace hukuma da nata sharuɗɗan. Idan kuwa biyu suka haɗu a aiki ɗaya, sai an zauna an daidaita wanda zai zo a dama da wanda zai zo a hagu.

Abin bai kwanta mini a rai ba. An raine mu a kan cewa mafificiyar kyauta ita ce wadda hagu ba ta san abin da dama ta bayar ba, wannan kuwa ya yi mini kama da gori. Na faɗa wa wata ma'aikaciya da ta daɗe a wurin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, ka daina kallon wannan a matsayin sadaka. Kuɗin haraji ne. Wani ya yi gumi a ƙasarsa aka yanka daga albashinsa, gwamnatinsa kuma ta kawo nan saboda tana da abin da take nema. Ran da ka gane haka, aikin zai yi maka sauƙi." Maganarta ce ta tura ni bin diddigin inda al'adar ta samo asali.

Na tarar da tushenta a Shirin Marshall, wanda Amurka ta fara a 1948 don farfaɗo da Yammacin Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kashe kimanin dala biliyan 13 cikin shekara huɗu. 'Yan majalisar Amurka sun damu da cewa kayan suna isa hannun jama'a ba tare da sun san daga ina suka fito ba, har ana fargabar Tarayyar Soviet ce za ta kwashe yabon. Sai aka ƙirƙiro wata alama mai siffar garkuwa da launukan tutar Amurka, aka rubuta a jikinta cewa kayan na farfaɗo da Turai ne kuma Amurka ce ta bayar, aka bi buhuna da taraktoci ana mannawa. Hukumar da ke gudanar da shirin tana da sashen yaɗa labarai sukutum, wanda ya ɗauki nauyin fina-finai sama da 200, ga baje koli, ga gasar zanen fosta. Wato agajin da labarin agajin rana ɗaya aka haife su. A 1953 aka ƙara hoton hannaye biyu suna musabaha. Da Shugaba Kennedy ya kafa USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, a 1961, dokar da aka gina ta a kai ta faɗa ƙarara cewa a riƙa bayyana ayyukan a ƙasashen waje da sunan agajin Amurka. A 2004 kuma hukumar ta sabunta tambarinta, ta ƙara masa jimlar da ta zagaye duniya a jikin buhuna da tantuna: daga al'ummar Amurka.

To, abin yana aiki kuwa? Na so in samu amsa guda, ban samu ba. Cibiyar bincike ta Pew, mai jin ra'ayin jama'a a ƙasashe da dama, ta gano cewa a 2003, shekarar da aka mamaye Iraƙi, kashi 15 cikin 100 ne kacal na mutanen Indonesiya ke kallon Amurka da idon rahama. Sai ga igiyar tsunami a Disamban 2004. Jiragen ruwa da masu saukar ungulu na Amurka suka yi ta jigilar ruwan sha da magunguna zuwa lardin Aceh a kan idon kowa, a 2005 adadin ya haura zuwa kashi 38. A Japan ma haka aka gani, daga kashi 66 zuwa 85 bayan girgizar ƙasa da tsunamin 2011. Pakistan ce ta ƙi bin sahu. Bayan girgizar ƙasar 2005 an ɗan samu ƙari, daga 23 zuwa 27, shekara ɗaya bayan nan ya rufto zuwa 15. Ambaliyar 2010 kuwa, duk da ɗimbin agajin da aka kai, ba ta motsa komai ba. Wanda ke kwana da ƙarar jirgin yaƙin Amurka marar matuƙi a saman garinsu, ba tambarin jikin buhu ne zai sauya masa ra'ayi ba.

A nan na fara gane cewa tambari ba ya tafiya shi kaɗai, duk abin da ƙasar ta aikata yana goye da shi. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da shirin rigakafi na bogi a garin Abbottabad na Pakistan wajen farautar Osama bin Laden. Babu hannun hukumar agaji a ciki, amma a kan masu allurar shan inna abin ya ƙare, aka kashe da yawa daga cikinsu a shekarun da suka biyo baya. A 2014 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa USAID ce ta ɗauki nauyin wani dandalin saƙonnin waya a Kyuba mai suna ZunZuneo, masu amfani da shi ba su san wanda ke bayansa ba. Kafin in san waɗannan, duk lokacin da wani ya tare mu da tambayar "me suke nema a wurinmu?" nakan saka ta a rahoto ƙarƙashin jita-jita da ƙarancin wayewa. Daga baya na daina. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai tambayar sau da yawa ya fi ni bin labaran duniya a rediyo. Su kansu hukumomin sun san da haka, shi ya sa a cikin kundin nan akwai shafin da ya yarda a cire tambari gaba ɗaya a inda ganinsa zai jefa ma'aikata ko masu amfana cikin haɗari. Mun sha neman wannan izini.

Amma darasin da ya fi zama mini a rai ba a takarda na same shi ba. Wata rana mun je buɗe rijiyar burtsatse, an gama jawabai, an yanka kyalle, an ɗauki hotuna. Ina tattara kayana wani dattijo ya yafuto ni, ya nuna allon da muka kafa ya ce in karanta masa. Na karanta masa cewa wannan kyauta ce daga al'ummar ƙasa kaza. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Allah Ya saka musu da alheri. To amma ɗana, su mutanen can sun san sun ba mu?" Na ce, "Baba, ai kuɗinsu ne." Ya ce, "Na ji kuɗinsu ne. Cewa na yi sun sani?"

Ban da amsa a ranar. Da na nema, abin da na tarar ya girgiza ni. Cibiyar KFF ta Amurka ta sha tambayar Amurkawa kashi nawa na kasafin kuɗin gwamnatin tarayya suke jin yana tafiya agajin ƙasashen waje. Shekara da shekaru matsakaicin hasashensu yana yawo a wajejen kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin. Gaskiyar kuwa a lokacin kimanin kashi 1 cikin 100 ne. Idan kuma aka faɗa musu ainihin adadin, yawan masu cewa ana kashewa fiye da kima sai ya ragu sosai. Ka ga mutanen sun san suna bayarwa, amma a zatonsu abin da ake fitarwa ya ninka na gaske sau ashirin da wani abu. Hukuma ta shafe fiye da rabin ƙarni tana koya wa manomin wata nahiya sunan wanda ya ba shi, shi kuwa mai bayarwar ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa lissafi ba.

Akwai dalilin hakan, kuma ba duka ne sakaci ba. Dokar Smith-Mundt ta 1948, tare da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta hana a rarraba a cikin Amurka kayan yaɗa labaran da gwamnati ta shirya domin 'yan ƙasashen waje, sai a 2013 aka sassauta. Dokokin kasafin kuɗi ma sukan hana hukumomi kashe kuɗi wajen farfaganda a cikin gida. Ni a ganina hikimar tana da kyau, bai dace gwamnati ta ɗauki kuɗin mutane ta juya musu tunani da shi ba. Sai dai filin da ka bari ba ya zama fanko. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan takunkumi shi ne zai cika shi.

Sannan akwai maganar harshe biyu, wadda na daɗe ban lura da ita ba duk da cewa da hannuna nake rubuta ɗaya daga ciki. A gaban masu karɓa, kalmar ita ce kyauta, zumunci, jinƙai. A gaban 'yan majalisar da ke sa hannu a kasafi, magana takan koma ta riba: agaji yana tare annoba tun kafin ta iso gida, yana buɗe kasuwanni, yana hana abokan hamayya samun gindin zama. Kuma akwai hujja. Shirin abinci na Amurka da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1954 an gina shi ne a kan sayen amfanin gonar manoman Amurka, doka kuma ta ce aƙalla rabin kayan a ɗauko su a jiragen ruwa masu tutar Amurka. A 2021 shugabar USAID ta lokacin, Samantha Power, ta yi alkawarin kai kason kuɗin agaji da ke shiga hannun ƙungiyoyin ƙasashen da ake taimakawa kai tsaye zuwa kashi 25, domin a lokacin ko kusa bai kai ba. A 2022 yana wajejen kashi 10. Duka harsunan biyu babu na ƙarya a ciki. A zamanin da ake buga rahoto a aika ta gidan waya, kowane ɓangare nasa kawai yake ji. Yanzu da intanet a tafin hannun kowa, mai karɓa yana jin abin da aka faɗa wa majalisa sai ya ce ashe ciniki ne, mai biyan haraji kuma yana ganin allon kyauta sai ya ce ashe rabar da dukiyarsa ake yi a banza.

Bari in zo kan nawa laifin. Babban aikina bayan tambari shi ne rubuta abin da muke kira labarin nasara. Yana da tsari sananne: mutum ɗaya, da sunansa da hotonsa, halin da yake ciki a da, zuwan aikin, halin da yake ciki yanzu, sai kalmar godiya daga bakinsa. Shafi ɗaya, ba ya wucewa. Wata rana na je wani ƙaramin asibiti na zanta da ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo da ke wurin. Ta yaba da horon da aka ba ta, ta ce ta koyi yadda ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa kuma ya yi mata amfani. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Malam, ka rubuta musu wannan ma. Kowace ƙungiya da tata bitar. Wani watan sai in yi kwana goma ba na nan, ƙofa a kulle, mata su zo su koma. Su haɗa kai su yi mana bita ɗaya." Na rubuta a littafina. Da na dawo ofis na zauna gaban kwamfuta, na ga maganar ba ta da gurbi a cikin shafin. Babu wanda ya ce in cire. Ni na cire da kaina, domin na riga na san irin labarin da ake so. Rahoton ya tafi da adadin ma'aikatan da aka horar, da hotonta tana murmushi.

Bayan wasu watanni na koma. Ashe takardar ta iso hannunta, wani ya karanta mata fassararta. Ta gaishe ni da mutunci, ta ba ni kujera. Da na fito da littafi ta ce, "Malam, rubuta abin da ka saba rubutawa kawai." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Ta ba ni abu mafi daraja da hukumar da ke biyan kuɗin take bukata, wato inda aikinta ke cutar da abin da ta zo gyarawa, ni kuma na tsaya a tsakani na tace shi. Idan ka tara irina dubu a ƙasashe sama da ɗari, kowa yana tace nasa, abin da zai isa hedikwata madubi ne mai nuna fuska ba tabo. Jama'ar da aka saba wa irin wannan labari kuwa, ran da aka kawo musu labarin ɓarna guda ɗaya, ko na gaske ko na ƙarya, ba su da ma'aunin da za su ɗora shi a kai. Ba a taɓa ce musu cikin ayyuka goma, bakwai sun yi kyau, biyu sun yi rabi, ɗaya ya lalace ba.

Birtaniya ta gwada wata hanya da ta burge ni. A 2011 ta kafa hukuma mai zaman kanta da ke bin ayyukan agajinta tana ba su maki da launi, kore ko ruwan ɗorawa ko ja, tana wallafawa kowa ya gani, rahotonta kuma majalisa yake zuwa. A 2012 aka saka tutar ƙasar a tambarin agajin tare da cewa daga al'ummar Birtaniya ne. A 2015 aka mayar da kashe kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a kan agaji ya zama doka. Zan so in ce wannan gaskiyar ta kare agajin, amma ba haka aka yi ba. A 2020 aka narkar da ma'aikatar raya ƙasashe cikin ta harkokin waje, a 2021 aka rage kason zuwa 0.5, a Fabrairun 2025 kuma Firaminista Keir Starmer ya sanar da za a mayar da shi 0.3 don a ƙara kuɗin tsaro. Wannan ya rage mini girman kan da masu aikinmu kan yi, na zaton cewa da an iya bayani da komai ya daidaita. Bayani yana da iyakarsa.

Na Amurka kuwa a kan idonmu ya faru. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da agajin waje na kwana 90. Cikin kwanaki kaɗan fadar shugaban ta yi iƙirarin cewa an ware dala miliyan 50 don sayen kwaroron roba a kai Gaza. Ba a kawo hujja ba, masu bin diddigi suka nuna babu wannan magana, amma ta riga ta zagaye duniya. Na zauna ina kallon yadda jimla ɗaya marar tushe ta yi tafiyar da dubban labaran nasara irin nawa ba su taɓa yi ba. A gefe guda ga shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda Shugaba George W. Bush ya ƙaddamar a 2003, wanda alƙaluman gwamnatin Amurka suka ce ya ceci rayuka kimanin miliyan 25, amma da yawa daga cikin waɗanda suka biya kuɗinsa ko sunansa ba su taɓa ji ba. A farkon Fabrairu aka cire sunan USAID daga jikin ginin hedikwatarta a Washington. A watan Maris Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryenta. Ranar 1 ga Yuli ragowar suka koma ƙarƙashin ma'aikatarsa.

A lokacin na riga na bar aikin. Wata yammaci tsohuwar abokiyar aikina, wadda ta gaji kujerata, ta kira ni a waya. Hukumar da ke ba su kuɗi ta janye, kuma an ce ta rubuta sanarwar da za a manna a ƙofar asibitocin da suke tallafawa. Ta ce ta juya kundin nan daga farko har ƙarshe, akwai samfurin allon buɗe aiki, da na takardar gayyata, da na jawabin ƙaddamarwa, amma babu ko shafi ɗaya kan yadda ake faɗa wa mutane an daina. Ta ce, "Yaya, tambarin fa? In sa shi a saman sanarwar ko in bari?"

Na yi shiru ina tuna dattijon nan da ma'aikaciyar jinyar. Na ce ta sa shi, da girmansa kamar yadda ƙa'ida ta ce, tun da shi aka sa ranar buɗewa. Na ce ta rubuta ranar da maganin zai tsaya da manyan baƙaƙe, cikin harshen da matan za su gane idan an karanta musu, kada ta lulluɓe shi da kalmomin ofis. Sannan a ƙasa ta rubuta inda za su je daga ranar.

Ta ce layin ƙarshen nan shi ne tun safe take kallo, ba ta san abin da za ta rubuta a wurin ba.